Filin Shawarwari: Wane Magani Zan Fesa Wa Lambuna?

 

Ni matar aure ce a Zariya. Tun da kayan miya suka yi tsada na gyara ɗan filin da ke bayan ɗakin girkina, na shuka tumatir da attaruhu da kuɓewa da alayyafo, wasu a ƙasa, wasu a buhuna. Lokacin sanyi abin gwanin sha'awa, har maƙwabta nake ɗibar wa. Amma da zafi ya shigo sai komai ya juye. Ganyen tumatirin ya nannaɗe ya yi rawaya, in na taɓa shi sai wasu ƙananan fararen ƙwari su tashi. Wasu ganyayen kuma an cinye cikinsu, sun yi fari har ana hango haske ta jikinsu. Furen sai zubewa yake yi, 'yan waɗanda suka yi 'ya'ya kuwa ƙasansu ya yi baƙi. Ganyen kuɓewa duk ya zama huji-huji. Da aka fara ruwa na ce an samu sauƙi, sai ga wasu gindin tumatir sun yi yaushi dare ɗaya, ganyensu kore shar, na ƙara musu ruwa amma ba su farfaɗo ba.

Na je kasuwa, wani mai maganin feshi ya tsiyaya mini wani a kwalbar da ba rubutu, ya ce murfi biyu a bokiti. Na fesa, ƙwarin suka ɗan lafa, sannan suka dawo fiye da da. Maƙwabciyata ta ce in gwada fiya-fiya. Surukata kuma ta ce kambun baka ne, don na cika nuna wa mutane.

Malam, abin da ya fi damuna shi ne yarana suna tsinkar tumatirin su ci ɗanye. Wane magani zan saya wanda zai kashe duka, bai kuma cutar da su ba? Ko dai in haƙura da lambun?

Wata mai karatu, daga Zariya

Hajiya, Allah ya raya mana yaran.

Da maganar yaran zan fara, don ita ce ba ta jira. Kwalbar nan marar rubutu, ki ɗauke ta daga inda hannunsu zai kai, kada ki ƙara fesa ta, kuma tumatirin da ke jikin shuka lokacin da kika yi feshin kada a ci shi. Maganin feshi na ƙwarai yana zuwa da sunansa, da lambar NAFDAC, da ma'aunin da za a zuba, da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfanin. Wanda ba ki san sunansa ba, ko da yaro ya sha, Allah ya kiyaye, ba ki da abin da za ki faɗa wa likita. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da zai shiga tukunya. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi, dichlorvos, shi ne aka samu ya yi yawa a waken Nijeriya har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da shi a 2015.

Maganin da zai kashe duka, babu shi. Abin da kika lissafa mini matsaloli ne daban-daban har shida, kuma biyu daga ciki ba ƙwaro ba ne ya kawo su, ba kuma cuta ba.

Zubewar fure aikin zafi ne. In rana ta kai maki 35 a ma'aunin Selshiyas, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa, sai ya bushe ya faɗo. A watan Afrilu kuwa Zariya kan wuce haka. Baƙin da ke ƙasan 'ya'yan kuma daga ban ruwa yake. In ƙasa ta bushe ƙamas yau, gobe a cika ta da ruwa, sinadarin kalsiyam ba ya isa ƙarshen ɗan tumatirin, sai wurin ya mutu. Na buhu sun fi fama da wannan, don buhu da wuri yake bushewa. Ki riƙa ban ruwa da sassafe, daidai gwargwado, kullum, a gindi ba a kan ganye ba. Ki lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don ƙasar ta riƙe laima, ki kafa zana ta yamma ta tare musu ranar azahar zuwa la'asar.

Fararen ƙwarin nan su ne manoma ke kira farin ƙuda. Tsotsar ganye da suke yi ba ita ce babbar ɓarnarsu ba. Cutar bairos suke ɗaukowa daga wannan shuka su kai wa waccan, ita ce ke nannaɗe ganye ta tsumburar da shuka. Wadda ta riga ta kamu ba ta warkewa. Na san da ciwo mutum ya tuge abin da ya raina da hannunsa, amma duk kwanan da ta ƙara a wurin, 'yan'uwanta take shafa wa. Ki tuge ta, ki sa a leda ki ƙulle, kada ki jefa ta kan juji kusa da lambun. Dalilin da ya sa suka dawo da yawa bayan feshinki kuwa, ƙwayayensu da 'ya'yansu a ƙarƙashin ganye suke manne, inda maganin bai kai ba, alhali ya kashe masu cin su: gizo-gizo, da ɗan ƙwaron nan mai jan baya da baƙaƙen ɗigo, da wasu ƙananan zanzaro da ido bai cika lura da su ba. Ki yanka tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa, ki shafe ta da basilin, ki rataye daidai tsayin shukar. Launin yana jawo su su manne, kuma da shi za ki gane sun shigo tun suna kaɗan.

Ganyen da aka cinye cikinsa ya fi ba ni tsoro, don kwatancinki ya yi daidai da sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifen a 2006, ya bazu a Turai da Arewacin Afirka har ya iso mu. Idan kin tuna 2016, shekarar da tumatir ya gagari talaka har gwamnatin jiharku ta Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, manoman Kadawa da Kura a Kano kuma suka yi asarar gonaki, to shi ne. Uwarsa 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, takan saka ƙwai sama da 200, kuma a zafi ba a cika wata guda ba 'ya'yanta sun fara nasu. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa sai ta shige tsakiyar ganye, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta zauna tana ci. Shi ya sa mai gona yakan yi ta feshi ba ya ganin biyan bukata.

A nan ne ke mai ɗan lambu kika fi mai kadada goma sa'a. Shi ba zai iya duba kowane ganye ba, ke kuwa za ki iya. Kowace safiya, in kin gama ban ruwa, ki bi shukokin kina juya ganye. Inda kika ga farin tabo, ki ɗaga shi wajen haske, za ki hango tsutsar da baƙin kashinta. Ki murtsuke ta da yatsa, ko ki cire ganyen ki sa a ledar nan. Da daddare ki ajiye faranti mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, ki ɗora fitila mai caji a tsakiya, iyayen za su zo wajen haske su faɗa. Wannan dubawar ta safe ita ce maganin da na fi yarda da shi, kuma in yaran sun yi wayo ki koya musu, sun fi mu kaifin ido.

In kuma sai an yi feshi, darbejiya tana ƙofar gidanki. Ƙarfin a ƙwayar 'ya'yan yake fiye da ganye. Ki tsinci waɗanda suka nuna suka zubo, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ɓare ki daka. Rabin kilo na garin a lita 10 na ruwa, ya kwana a jiƙe, ki tace da tsumma, ki narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye. Ban da garin sabulun wanki, yana ƙona shuka. Ki fesa da yamma, don rana tana kashe ƙarfinsa, ki tabbatar ya jiƙa ƙarƙashin ganyen, ki maimaita duk mako. Kada ki sa ran ganin ƙwari sun zube nan take. Hana su ci yake yi, ya hana su girma da hayayyafa, sai bayan 'yan kwanaki za ki ga bambanci. Shi ma a wanke amfanin sosai kafin a ci, turmin da kika daka kuma ki ware shi. Wannan ruwan zai yi wa kuɓewarki aiki. Ƙananan ƙwari ne masu tsalle ke huda ta, sun fi cutar da ita tana ƙarama. In ta girma takan jure.

Sai waɗanda suka yi yaushi dare ɗaya. Ki yanko karan ɗaya daga kusa da gindi, ki tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garai-garai, ki riƙe shi cak na 'yan mintoci. In kika ga wani farin abu yana tsiyayowa zare-zare, to ƙwayar cutar bakteriya ce da ke zaune a ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwan shukar. Zafi da laima take so, shi ya sa ta bayyana da farkon damina, kuma ƙarin ruwan da kika yi yaɗa ta yake yi. In ba ki ga zaren ba, ki tugo saiwar ki duba. In ta yi ƙulu-ƙulu, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani. Ki yi wannan gwajin a gaban surukarki. Addu'ar tsari da take so a yi alheri ce, a yi ta, sannan ta ga abin da ke cikin kofin da idonta.

Ko wanne ne daga cikin biyun, matsalar a ƙasa take, feshin ganye ba ya kai mata. Ki tuge shukar da ƙasar gindinta ki fitar, ki wanke fartanyar kafin ta taɓa wani wurin. Ta buhu kuwa ki zubar da ƙasar gaba ɗaya ki sake sabuwa. Kada ki mayar da tumatir wurin, haka attaruhu da tattasai da gauta da dankalin turawa, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ki ba wurin albasa ko masara na wasu shekaru. In bazara ta zagayo, ki kafce ƙasar, ki jiƙa ta sosai, ki shimfiɗa farar leda mai garai-garai ki danne gefenta da ƙasa, ki bar ta mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage tsutsar saiwa da cututtuka da irin ciyawa ƙwarai.

Yanzu da damina ta kankama, abin tsoron ya koma cututtukan da ke sa ganye tabo ya ruɓe. Ruwan sama ke fantsamo su daga ƙasa. Ki ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta, ki kafa wa kowane tumatir sanda ki ɗaure shi, ki cire ganyen ƙasa masu taɓa turɓaya, ki bar kamar rabin mita tsakanin gindi da gindi don iska ta ratsa. Kada ki yi yankan ganye yana jiƙe. Ki rage hannu da takin yuriya, don ganyen da ya yi laushi fiye da kima shi ƙwarin darɓa ke bi; kashin kaji kuma sai ya ruɓe sosai kafin ya shiga lambu.

Kada ki haƙura, Hajiya, lokacin shukar za ki gyara. Tumatir ɗan sanyi ne a wajenmu: ki yafa iri a ƙarshen damina, ki rufe wurin renon da tsohon gidan sauro ninki biyu, don farin ƙuda yana ratsa ninki ɗaya, ki dasa ya yi 'ya'ya cikin hunturu, ki tuge shi kafin zafi ya tsananta, rarar ki shanya ta zama kauɗa. Bazara da damina ki ba alayyafo da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa da zogale, su zafi ba ya karya su.

In kin yi gwajin kofin kin duba saiwar ba ki gane ba, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a garinku take, ga kuma malaman gona na ƙaramar hukuma. Ki kai musu shukar da ta fara ciwo ba wadda ta gama mutuwa ba, da saiwarta da ɗan ƙasar jikinta, a naɗe cikin takarda, a ranar da kika tuge ta. Ki tafi da kwalbar nan ma a ƙulle cikin leda, su gaya miki yadda za a zubar da ita. Kada ki juye ta a kwata ko kusa da rijiya.