Tsakanin Tsoka da Jijiya: Nazarin Ɗaurewar Ƙafa da Daddare Bayan Tafiyar Jirgin Sama

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗaurewar ƙafa da ke tayar da matafiyi daga barci bayan ya sauka daga jirgin sama, musamman alhazai. Ta fayyace dalilanta da hanyoyin samun sauƙi, ta kuma nuna yadda faɗin ma'anar kalmar "jijiya" kan sa a kasa bambanta ta da wata larura mai kisa.

1.0 Gabatarwa

Tafiya daga Kano zuwa Jidda takan ɗauki fiye da sa'a 4 a zaune, ban da zaman jira a sansanin alhazai da filin jirgi. Da yawa daga cikin matafiya, musamman dattawa, sukan farka da tsakar dare sha-raɓarsu ta ƙulle tamau kamar dutse. Bahaushe yakan ce "jijiya ta ɗaure", wani lokaci kuma ya ɗora laifin a kan "sanyi". Sai dai "jijiya" a Hausa ta haɗa hanyar jini da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da kuma agara, alhali abin da ya ƙulle tsoka ce. A nan matsalar take.

2.0 Dalilan Ɗaurewar

Ɗaurewa na faruwa ne idan jijiyoyin saƙo suka yi ta zuga tsoka ta tsuke ba tare da nufin mai ita ba. Takan ɗauki daƙiƙoƙi kaɗan zuwa kamar minti 10. Dogon zama da gwiwa a lanƙwashe yana barin tsokar sha-raɓa a takure, jini kuma ya taru a ƙasa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, danshinta kan gaza kashi 20 cikin 100, ga shi wasu matafiya na ƙin shan ruwa don gudun zagayawa ko karyewar alwala. Da an sauka kuma sai aiki ya biyo baya: ɗawafi zagaye 7, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa mai tsawon kimanin kilomita 3. Idan aka kwanta, tafin ƙafa yakan miƙe ƙasa, tsokar da ta gaji ta ƙara gajarcewa, shi ya sa abin ya fi zuwa da daddare. Tsufa da juna biyu da ciwon sukari da magungunan hawan jini masu sa fitsari duk suna ƙara yiwuwarsa.

3.0 Hanyoyin Samun Sauƙi

Da zarar ta kama, a miƙe ƙafar, a jawo yatsun zuwa wajen ƙwauri, a riƙe har tsokar ta saki. Tashi tsaye a taka, da tausa a hankali, da gashi da ruwan ɗumi, duk suna taimakawa. A cikin jirgi, a riƙa jujjuya idon sawu, a miƙe a ɗan taka lokaci zuwa lokaci, a sha ruwa. Kafin kwanciya, a dafa bango a ja sha-raɓa. Kwinin kuwa, wanda aka daɗe ana sha saboda wannan larura, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 cewa illarsa ga jini ta fi amfaninsa.

4.0 Inda Haɗarin Yake

Akwai wata larura ta daban, wato daskarewar jini a jijiyar cikin ƙafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna cewa haɗarinta kan ninka sau biyu bayan zaman tafiya na sa'a 4 ko fiye, kuma takan sami kimanin mutum 1 cikin 6,000. Ɗaurewar tsoka takan zo farat ɗaya ta saki. Daskarewar jini kuwa takan zo da kumburin ƙafa ɗaya da ɗumi da ciwon da ba ya lafawa, wani lokaci bayan kwanaki ko makonni. Tausar da ke maganin ta farko haɗari ce ga ta biyu, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe hanyar jinin huhu. Sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji alama ce ta a garzaya asibiti nan take.

5.0 Kammalawa

Mai cewa "jijiya ta ɗaure" zai iya nufin ko wacce daga cikin biyun, mai sauraro kuma ya kawo man zafi ya hau murza. Saboda haka ya kamata masu fassara da malaman bitar alhazai su tsayar da "ɗaurewar tsoka" ga ta farko, "daskarewar jini" ga ta biyu, su kuma koya wa maniyyata tambaya guda kafin a kai hannu: ƙafar ta kumbura, ko ta saki?