Tankin Killacewa da Gishiri Bisa Awo: Kira ga Masu Kiwon Kifi a Keffi

Kiwon tarwaɗa ya zauna da gindinsa a Keffi da kewaye. Daga cikin gari har zuwa Garaku, Masaka da Mararaba, za ka samu kwamin siminti a bayan gida, ko tankin roba, ko tamfol da aka ɗaure da katako, kuma kasuwa na nan kusa tunda Abuja ba ta gajiya da cin kifi. Aikina shi ne duba lafiyar kifi da ba masu kiwo shawara. Kukan da na fi ji bai wuce ɗaya ba: an sayo sababbin 'ya'yan kifi, an juye su kai tsaye cikin waɗanda ake da su, ba a rufa mako biyu ba mutuwa ta fara. Wannan asara ana iya kauce mata da abubuwa biyu marasa tsada, wato tanki ɗaya da aka keɓe don baƙin kifi, da gishirin da aka auna da sikeli.

Kafin a zo kan magani, ya kamata mai kiwo ya san abokin gabarsa. Akwai ƙananan halittu da ke rayuwa a kan fatar kifi da gaɓoɓin numfashinsa, suna ci daga jikinsa. Mafi shahara ita ce mai kawo cutar farin ɗigo, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis, an kuma yi bayaninta a kimiyyance tun 1876. Tana shiga ƙarƙashin fata ta yi ƙiba har ta kai kusan milimita 1, shi ne ɗigon da ido ke gani. Akwai kuma Trichodina, wadda ido ba ya gani. In na kankaro ɗan yauƙi daga jikin kifi na ɗora a gilashi na duba a madubin ƙara girma, sai in gan ta zagayayya kamar faifai, tana juyi ba tsayawa, da zoben haƙora a tsakiyarta. A jikin lafiyayyen kifi za ka ga ɗaya ko biyu. A jikin wanda ya kwana cikin ruwa mai datti da cunkoso, sai su cika gilashin.

Kifi ba ya magana, amma yana nuna alama. Zai rage cin abinci. Zai riƙa goga jikinsa da bango ko ƙasan tanki. Yauƙin jikinsa zai ƙaru har fatar ta yi toka-toka, gashin bakinsa ya fara lanƙwashewa ko gutsurewa. 'Ya'yan tarwaɗa kan tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa gudu ko an matso. Wani abin da ke yaudarar masu kiwo shi ne tarwaɗa tana da gaɓa ta musamman da take shaƙar iska daga sama, saboda haka ko gaɓoɓin numfashinta sun lalace takan daɗe tana jurewa. Karfasa kan nuna wahalarta da wuri. Ita tarwaɗa kafin ta faɗi, cutar ta riga ta zagaye tankin.

Sirrin maganin farin ɗigo yana cikin yadda ƙwayar ke rayuwa. Muddin tana ƙarƙashin fata, babu gishiri ko maganin da ke kai mata. In ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa ƙasa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su ne ke fitowa suna iyo suna neman sabon kifi, kuma in ba su samu ba cikin kwana biyu ko makamancin haka sai su mutu. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai ake iya cin galabarsu. A ruwa mai ɗumi zagayen kan cika cikin mako ɗaya ko ƙasa da haka, amma da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi kan ja shi ya daɗe, ga shi kuma sanyin na raunana kifin. Shi ya sa wanda ya watsa gishiri yau, ya ga ɗigo ya ɓace gobe ya canza ruwa, bai kashe komai ba. Ƙwayar ta sauka ne ta hayayyafa.

Me ya sa gishiri ke aiki? Amsar ta fi fitowa fili in muka leƙa wurin masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, alhali jinin kifi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Kifin teku yana da tasa cutar farin ɗigon, Cryptocaryon irritans. A 1985 masani Angelo Colorni, da ke aiki a Eilat a gaɓar Bahar Maliya, ya wallafa bincike kan yadda rage gishirin ruwa ke kashe ta. A yau masu ajiye kifin teku kan ɗauke kifin da ya kamu su kai shi tanki na daban, su sauke gishirin a hankali cikin kwana biyu zuwa giram 12 ko 14 a lita, su riƙe shi haka mako 4 ko fiye suna aunawa kullum, sannan su mayar da shi sannu a hankali. Kifin yana jurewa domin ƙodarsa da gaɓoɓin numfashinsa na daidaita ruwa da gishirin jikinsa. Ƙwayar cutar kuwa ba ta da wannan ƙarfin, ruwa ke kwarara cikinta ya lalata ta. Ba sa yin haka a babban akwatin, domin murjani da jatan lande ba sa rayuwa a irin wannan ruwan.

Namu kifin na ruwan daɗi ne, don haka mu juya lissafin muke yi. Su rage gishiri suke, mu ƙarawa muke, amma dalilin ɗaya ne: a sauya ruwan zuwa matakin da kifi zai iya ɗauka, ƙwayar cuta ta kasa. Gishiri kaɗan yana kuma sauƙaƙa wa kifin da ya sha wahalar tafiya, yana rage masa illar gubar nitirait da ke taruwa daga kashinsa. Abin da na fi so mu koya daga masu kifin teku shi ne ladabin aikinsu: tanki na daban, awo na gaskiya, da haƙurin cika kwanaki.

Tankin killacewa ba ya buƙatar dukiya. Tankin roba ko ƙaramin kwami ya isa, muddin yana nesa kaɗan da sauran, ruwansa ba ya gangarawa cikinsu, kuma yana da ragarsa, bokitinsa da tiyonsa da ba a taɓa sa su a wani tanki. Kada a zuba yashi ko duwatsu a ciki, domin a riƙa ganin ƙasan ana zuƙe datti. Duk kifin da ya shigo gona, ko daga hannun wa ya fito, nan zai fara sauka. A bar jarkar da aka kawo shi ta ɗan zauna, a riƙa ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan har zafinsu ya daidaita, sannan a tsamo kifin da raga. Ruwan da ya zo da shi a zubar can nesa. A ranar farko kada a ba shi abinci. Zai zauna mako 2 zuwa 3, da hunturu a cika ukun. Mai kula da gona ya fara aikin safe da tsofaffin kifi, ya ƙare da baƙi, sannan ya wanke hannu.

Sai batun awo, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Na taɓa tambayar wani dattijo nawa ya zuba, ya ce: "Malam, ai hannu uku na watsa." Na ce: "Ranka ya daɗe, tankin lita nawa yake ci?" Bai taɓa lissafawa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Lissafin mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a mita, sannan sau 1,000. Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, ruwa rabin mita, yana ɗauke da lita 1,000. Giram 1 a lita a irin wannan kwamin kilo 1 ke nan cif. Hannu uku ba su kai ko rabin haka ba.

Ga baƙin kifi masu lafiya, giram 1 zuwa 2 a lita a kwanakin farko ya wadatar. In an ga farin ɗigo, a kai shi giram 3 a lita, wato kilo 3 a lita 1,000, amma ba a tashi ɗaya ba: kilo 1 da safe, kilo 1 da yamma, na ukun washegari. A narkar da shi a bokiti tukuna, kada a watsa tsabarsa a kan kifi, domin tarwaɗa ba ta da ɓawon da zai kare fatarta. A riƙe wannan awon kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace. Duk lokacin da aka zubar da rabin ruwa, rabin gishirin ya tafi, sai a mayar da kilo ɗaya da rabi. In rana ce ta shanye ruwan, gishirin na nan, ruwa kawai za a ƙara. Ga Trichodina da makamantanta da ke zaune a saman fata, wanka na ɗan lokaci kan yi aiki: giram 200 a lita 20, minti 15 zuwa 30, mutum na tsaye a kai. A fara gwadawa da kifi biyar, wanda ya fara kifewa a tsame shi nan take. Ƙananan da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba sun fi rauni, kada a yi musu wannan wankan sai da ƙwararre.

Gishirin da ake nufi shi ne na girki tsantsa, wanda ba a haɗa shi da kayan ɗanɗano ba. Jiharmu ta Nasarawa ta san gishiri tun kaka da kakanni a Keana da Awe, amma kowane iri aka samu a narkar da shi a tace ƙasar. Kanwa kuwa kada ta kusanci tanki. Tana sauya yanayin ruwa ta yadda amoniyar da ke cikinsa za ta ƙara zama guba. Ruwan gishirin da aka gama da shi kada a sake shi cikin lambu ko a gangarar da shi zuwa kogin Antau, domin gishiri na ƙona shuka kuma yana ɓata ƙasa, ga ƙwayoyin cutar da ruwan ke ɗauke da su. Tankin da aka gama da shi a wanke, a bar rana ta busar da shi ƙayau kafin baƙi na gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake garzayawa ga kafso da garin tetrasaikilin da zarar kifi ya ƙi cin abinci. Waɗannan magungunan bakteriya suke kashewa, ba su da tasiri a kan farin ɗigo ko Trichodina. Kuɗi ya tafi a banza, cuta na nan, ragowar maganin kuma na iya zama a naman da iyalanmu za su ci, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Haka kuma a guji koren sinadarin nan malakait girin, wanda Amurka da Tarayyar Turai suka hana amfani da shi a kifin ci saboda fargabar cutar daji. Kifin da za a kai kasuwar Kado ta Abuja ko a gasa a bakin titin Keffi amana ce a wuyan mai kiwo.

Shi ma gishirin yana da iyakarsa. Ba ya warkar da gyambo mai zurfi, ko kumburin ciki, ko fashewar kai, kuma ba ya gyara ruwan da ya ruɓe saboda cunkoso da ragowar abinci. In an cika kwana 3 ana mutuwa duk da gishiri da canjin ruwa, a ɗauki kifi mai rai da ke nuna alamar, tare da kwalbar ruwan tankin, a kai wa likitan dabbobi ko malamin gona na sashen kifi. Mataccen kifi ba ya amfani wajen bincike, domin ƙwayoyin kan bar jikinsa jim kaɗan bayan ya mutu. Muna da masana a Jami'ar Jihar Nasarawa, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.

'Yan uwa masu kiwo, maza da mata, kafin ku biya kuɗin 'ya'yan kifi na gaba ku tanadi tankin killacewa da ƙaramin sikeli, ku rubuta yawan litar kowane tanki a jikin bangonsa. Ku tambayi mai sayarwa yaushe aka ƙyanƙyashe su, wane magani aka taɓa ba su. Kada baƙon kifi ya haɗu da na gida sai ya cika kwanakinsa. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin tanki ɗaya da buhun gishiri bai kai asarar kwami guda ba. Allah Ya sa albarka a sana'armu.