Darasi: Ciyarwar da Aka Hana Mace, Yaya Za Ta Karɓa Bayan Saki?



Yanzu kaka ce. A ƙauyukanmu na Dambatta, Makoda, Kunchi, Bichi da Tsanyawa an kai gero rumbu, ana sussukar wake, gyaɗa ta shiga buhu. Shi ya sa na zaɓi wannan lokaci in yi magana kan bashin da da yawanmu ba su ɗauke shi bashi ba: ciyarwar matar da aka saka da ta 'ya'yanta. Mutum zai rubuta takarda, ta kwashe kwanukanta ta koma gidan tsohon da shi ma gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, wai shi kenan an rabu. To, ba a rabu ba tukuna, malam.

Ga yadda hukuncin yake a mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke aiki da ita, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil suka bayyana.

Na ɗaya, sakin kome, wato ɗaya ko biyu. Ci da sha, sutura da wurin zama duk suna kan miji har ta gama idda: tsarki 3 ga mai haila, wata 3 ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta hana a fitar da ita daga ɗakinta.

Na biyu, saki uku ko khul'i. Tana da wurin zama har ƙarshen idda, amma babu ciyarwa sai in tana da ciki. In ta haihu tana shayarwa, tana da ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta wannan sura ta nuna.

Na uku, 'ya'ya. Ciyar da su na kan uba ko suna hannun uwarsu: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Maganar "in kina son su ki ciyar da su" ba ta da gurbi a shari'a.

To, in an hana fa, wata da watanni sun wuce? A nan ake asara, don haka ku natsu. Ciyarwar ita matar, in miji yana da hali a lokacin ya ƙi, ta zama bashi a wuyansa, daɗewa ba ta goge ta. Haka ragowar sadaki. In kuwa a lokacin ba shi da ko tiya, an ɗauke masa. Amma ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko uwar ta ciyar da niyyar a biya ta, ba kyauta ta yi ba. Haka wanda ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal ya dawo yana cewa ai yana aike: ana karɓar maganar matar da rantsuwarta daga ranar da ta kai ƙara. Kun ga ke nan shiru yana cinye hakki.

Saboda haka, 'yar uwa, ga shawarata. Ki adana takardar saki da kwanan watanta. Abin da kika kashe wa yara, ko akuyarki kika sayar, ki sa a rubuta, ki shaida wa mutum biyu adilai cewa rance ne. Ki fara da waliyyinki da wakilan da suka ɗaura auren, sannan liman da mai unguwa ko dagaci. In ya ƙi, akwai Hisbah, wadda dokar Jihar Kano ta kafa a 2003, suna yin sulhu a ƙananan hukumomi. A rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu. In ya saɓa, sai kotun shari'ar Musulunci, ita ce mai ikon yanke adadi ta tilasta biya. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara.

Kada wani ya ce miki kai ƙara rashin kunya ne. Hindu bint Utba ta kai kukan ƙwauron mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah (SAW), bai tsawata mata ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Sai dai ke ma ki ji tsoron Allah, kada ki ƙara ko mudu ɗaya a kan gaskiya, kada kuma ki hana uba ganin 'ya'yansa.

Kai kuma ɗan uwa, ba sai da tsabar kuɗi ba. In kun daidaita, ka auna mata gero da dawa daga rumbu tun kafin ka kai Dawanau, tun kafin ka fara zancen sabuwar amarya. Aya ta 7 ta ɗora wa kowa gwargwadon ƙarfinsa ne. Annabi (SAW) kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Wanda bai biya da hatsi a nan ba, da ladansa zai biya gobe ƙiyama.

Iyaye, ku daina cewa "a bar wa Allah" alhali jikokinku na kwana da yunwa. Yafiya ta mai hakki ce, kuma uwa ba ta da ikon yafe abincin yaro.

Allah Ya ba mu ikon sauke hakkin da ke kanmu. Wallahu a'alam.