Maiƙon kicin: bekin soda ta wadatar, a bar sodar masana'anta a inda take

Aikina kula da lafiyar ma'aikata ne a wata masana'anta a Sharada, kuma kicin ɗin da ake dafa musu abinci yana cikin wuraren da nake dubawa. Inda ake suya da man gyaɗa da manja kullum, maiƙo yakan daskare a bayan kasko da kan murhun gas har ya koma kamar ƙaro, omo kaɗai ba ya fitar da shi.

Abin da nake ba masu girkinmu shi ne bekin soda, irin wadda masu yin kek ke saya. A fara share man da ke sama da tsumma. A kwaɓa cokali 3 na sodar da cokali 1 na ruwa, a shafe wurin, a bar shi minti 20, sannan a dirje da soso, a ɗauraye da ruwan zafi da sabulu. Gari-garinta ne ke kankare dattin, ɗan kaifinta kuma ya sassauta maiƙon. Masu matsa mata lemun tsami don su ga kumfa asara suke yi, domin tsamin kashe ƙarfinta yake. Kada kuma ta kwana a tukunyar alminiyam, takan dusashe ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu gajen haƙuri. A Sharada da Challawa da Bompai ana aiki da kostik soda wajen yin sabulu da wanke injuna, sai wani ya ƙullo ta a leda ya kai wa uwargida, wai ta fi saurin cin maiƙo. Gaskiya ne, tana ci, amma har da fatar hannu. A ma'aunin pH bekin soda tana wajen 8, kostik kuwa takan kai 14. In kostik ta haɗu da ruwa, zafi take ɗauka, in ta taɓa alminiyam ta cinye shi tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga murhu a gefe. Duka biyun farare ne, ledar ba rubutu, yaro ma ya ɗauka gishiri ne.

In kostik ta zuba a jikin mutum, a cire rigar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. Ban da shafa manja ko ɗanyen ƙwai. In ido ne ko an haɗiya, a garzaya asibiti, kada a sa mutum amai.

In kuma mai ne ya kama da wuta a kasko, a kashe gas, a rufe da murfin ƙarfe. Ruwa watsa wutar yake yi. Bekin soda mai yawa tana kashe ƙaramar wuta, amma garin fulawa ƙara mata ƙarfi yake.