Koya wa Jitarka Numfashi

Ɗana, jiya da ka kaɗa mini busar Charlie Parker da ka kwashe a jita, na ga ƙoƙarinka, Allah Ya yi maka albarka. Ko sauti ɗaya ba ka kuskure ba. Sai dai tun daga fari har ƙarshe ban ji inda ka tsaya ka ja numfashi ba, shi ya sa na kwana da abin a raina.

Mai busa saksafon da iskar ƙirjinsa yake magana. In ta ƙare dole ya dakata ya ja wata, kuma wannan dakatawar ce ke yanka zancensa gaɓa-gaɓa har mai sauraro ya iya bin sa. Mai algaita a ƙofar fada yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci don kada busar ta yanke. Tsofaffin mabusan jaz kuwa suna yankewa, kuma da yankewar suke yi wa zance ado. Mu masu jita yatsunmu ba sa haki. Kana iya zuba sauti na minti biyar babu tsayawa, kamar mai surutun da ba ya barin kowa ya sa baki.

Hanyar da ka ɗauko tsohuwa ce. A da, aikin jita a ƙungiyar jaz riƙe kiɗa ne daga baya. Charlie Christian, yaron da ya tashi a birnin Oklahoma na Amurka, yana cikin waɗanda suka fito da ita gaba. Ya kamu da son busar Lester Young na ƙungiyar Count Basie, ya ɗauki jitar lantarki yana sa ta magana sauti ɗaya-ɗaya tamkar abin busa. Ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, tarin fuka ya yi ajalinsa a 1942 yana da shekara 25. Wes Montgomery, wani mai jita a Indiyanapolis kuma, kiɗan Christian ya haddace daga faifai. Shi kansa Parker da kake bi, yana matashi faya-fayen Lester ya tasa a gaba yana hadda. Ka ga ashe duk rijiya ɗaya suka ɗebo.

Don haka ina ba ka shawara ka ajiye Parker tukuna, gudunsa ya yi maka yawa a yanzu. Nemi busar Lester a “Lady Be Good”, wadda aka ɗauka a Shikago a 1936. Zagaye biyu kacal ya yi, amma akwai aikin watanni a ciki.

Kada ka taɓa tsirkiya sai ka iya rera ta da baki. Lennie Tristano, makaho mai kaɗa fiyano da ya koyar a Niyok, haka yake sa ɗalibansa: su bi faifai da murya har busar ta zauna, sannan su ɗauki abin kiɗa. Hikimar a fili take. In kana rerawa, kai ma iskarka za ta ƙare, kuma sau da yawa a daidai inda ta mabushin ta ƙare. Nan za ka gane dalilin shirunsa. Ni a kaset na koya. Ina danna tsayawa, in mayar baya, in sake, har zaren ya kwance in sa biro in naɗe shi. Gaɓa guda takan cinye mini dare, amma abin da ya shiga ta wannan hanya har yau bai fita ba. Kai wayarka tana rage gudun kiɗa zuwa rabi ba tare da murya ta sauya ba. Yi amfani da wannan ni'ima, amma kullum ka koma ka saurara a gudunsa na asali, don a nan rausayar take.

Na ga littafin Omnibook a jakarka, wanda aka buga a 1978 da busar Parker a rubuce. Littafi ne mai amfani. Duba dai ka tabbata bugun C ne, wanda ya dace da jita, domin wanda aka yi wa mabusan saksafon alto, inda ya rubuta C, Eb ne ke fita. Kuma takarda ba za ta nuna maka sautin da ya danna da wanda ya haɗiye ba.

Ga inda yawancinmu ke tuntuɓe. Mabushi ba kowane sauti yake taɓawa da harshe ba. Yakan taɓa ɗaya, biyu ko uku su biyo baya cikin iska guda. In ka bugi kowane sauti da hannun dama, sai ya fito tak-tak-tak kamar keken ɗinki. Bugi na farko, ka dasa yatsa ya ba ka na biyu, ka zame zuwa na uku. Sauti guda yana da mazauni uku ko huɗu a wuyan jita, sai ka laluba ka ga wanne ne zai bar gaɓar ta gudana a tsirkiya ɗaya. Ga Lester, na fi son tsirkiyoyin tsakiya can saman wuya, muryarsu ta fi kauri da taushi. Kada kuma ka mayar da kiɗan zuwa E ko A don sauƙin hannu. Mabusa a Bb da Eb da F suka fi zama, ranar da ka hau dandali da su a can za ka same su.

Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo. Bar jitar a cikin jakarta, ka rera mini gaɓa huɗu na farko na Lester, in ji inda kake jan numfashi.