Darasi: Kafin Ki Kira Ta Ɓarauniya

Darasinmu na wannan fitowa a kan sata ne, wadda ake yi a cikin gidanki da rana tsaka.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗib sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina, suka yanka. Aka kai ƙara gaban Sayyidina Umar (RA). Har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya fahimci ubangidansu na barin su da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa Haɗib ya biya 800. Kin ga wanda tara ta hau kansa.

To, yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye, ko almajirin da ke miki wanke-wanke, yaushe suke karyawa? Ta tashi tun asuba, ta soya wa yaranki ƙwai, ita kuwa sai ƙanzo bayan azahar. Kuɗin aikinta na wata uku na hannunki. Ran da nama ya ragu a tukunya, sai bulala, sai "ɓarauniya!" Haba Hajiya.

Sata haramun ce, kuma akwai mai ɗauka don kwaɗayi kawai. Wannan sai nasiha da tsawatarwa, ke ma ki daina yasar da kuɗi a kan gado. Amma fara duba naki ɓangaren. Zuba mata abinci lokacin da kike zuba wa 'ya'yanki. Biya ta ranar da wata ya cika, kuma ki bincika ko kuɗin na isa ga iyayenta, ko dillaliyar da ta kawo ta ce ke cinyewa.