Yadda Na Shigar da Tsohuwar Kwamfuta Cikin Intanet

Sa'ad da na samu shiga wannan kwaleji, kawuna ya kira ni ya buɗe akwatinsa, ya fito da wata baƙar kwamfutar tafi-da-gidanka mai nauyi, ya ce, "Ɗana, ba ni da kuɗin sabuwa. Ga wannan, ka ga abin da za ka iya yi da ita." Sunanta ThinkPad T42, ƙirar kamfanin IBM ta shekarar 2004, watau shekara ɗaya kafin IBM ya sayar wa Lenovo wannan sashe na cinikinsa. Tana kunnuwa, tana rubutu sarai, amma ta ƙi buɗe intanet. Ni kuwa ga koyarwar gwaji ta gabato, ina bukatar tattara abin da zan koya wa yara. Abokaina suka ce in kai ta bola.

Ban kai ta ba. Da na bi al'amarin a hankali, sai na ga ashe ƙofofi uku ne ke tsakanin tsohuwar kwamfuta da intanet na yau. Wanda ya san ƙofar da ta rufe masa, ya san mabuɗin da zai nema. Bari in bi su ɗaya ɗaya.

Ƙofa ta fari: haɗuwa

Tawa tana da Wi-Fi, amma irin na dā ne, wanda ake kira 802.11b, na shekarar 1999. Wannan yana aiki a kan zangon 2.4 GHz kaɗai, saboda haka in wayarka tana raba data a kan 5 GHz, kwamfutar ba za ta ko ga sunanta ba. Ban da haka akwai batun makulli. Makullin Wi-Fi na farko, WEP, an gano yana da saukin fasawa, sai aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 kuma a 2018. Tsohon kati da tsohuwar manhaja sau da yawa ba su san sababbin nan ba.

Kada fa ka cire wa Wi-Fi makulli domin tsohuwa ta shiga, gama kowa ma zai shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce igiya. Yawancin kwamfutocin wancan zamani suna da ramin Ethernet, wanda ba ya tambayar makulli. In ba ka kusa da irin wannan igiya, wayar Android tana iya ba kwamfuta data ta igiyar USB, muddin manhajar kwamfutar ta gane ta.

Ƙofa ta biyu: amincewa

Na sa igiya, na ga alamar haɗuwa, na yi murna. Amma kowane shafi na nema sai gargaɗi. Dalili biyu ne.

Na ɗaya, agogo. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar kwabo, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata ko an kashe ta. Nawa ya daɗe da mutuwa, kwamfutar tana tsammani muna shekarun baya. To, kowane shafi mai tsaro yana nuna takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonka ya kauce, takarda mai kyau ma sai ta zama kamar ta jabu. Na gyara kwanan wata da hannu, daga baya wani mai gyara ya sa mini sabon batir.

Na biyu, tsufan manhaja. Windows XP ne a kanta, wanda ya fito a 2001, Microsoft kuwa ya daina kula da shi ran 8 ga Afrilu, 2014. Shafi da burauza suna rufa asirin zancensu da wata ƙa'ida mai suna TLS. TLS 1.0 ta fito a 1999, 1.2 a 2008, 1.3 a 2018, kuma a 2020 manyan burauzoji suka watsar da 1.0 da 1.1. Internet Explorer na XP bai wuce 1.0 ba, don haka shafuna da yawa ba su kula shi. Chrome ya tsaya wa XP a lamba 49, Firefox a lamba 52. Har wa yau, ran 30 ga Satumba, 2021, wata babbar takardar shaida da tsofaffin na'urori ke dogara da ita wajen amincewa da shafunan da Let's Encrypt ta ba shaida ta ƙare, na'urori da dama suka tsaya a waje.

Maganin da na yi shi ne na kwashe takardun kawuna a filash, na sauke XP, na sa antiX, wani nau'in Linux mara nauyi wanda ake samu kyauta. Na zaɓi na 32-bit, gama injin Pentium M da ke cikin T42 ba ya ɗaukar na 64. Nan da nan gargaɗin ya ɓace, wayata kuma ta ba da data ta USB ba gardama.

Ƙofa ta uku: nauyi

Ko ƙofofi biyun nan sun buɗe, shafunan yau suna da nauyi ƙwarai: hotuna, bidiyo, tallace-tallace, da tarin umarnin JavaScript waɗanda dole kwamfutarka ta aiwatar. Tawa megabait 512 take da shi na ƙwaƙwalwar aiki, iyakar abin da T42 ke ɗauka kuma gigabait 2 ne. Na ƙara mata abin da aljihuna ya iya, amma babban taimako daga ƙananan burauzoji ya zo. Dillo da NetSurf suna nuna rubutu da hoto ba wahala. Lynx, wanda aka fara a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, rubutu zalla yake nunawa. Da waɗannan na karanta Wikipedia, ta Turanci da ta Hausa, na tsara darussana na mako shida, data kuma ba ta ƙare mini da wuri ba.

Masu kwamfutocin da suka fi tawa tsufa suna da wata dabara. Sukan sa sabuwar kwamfuta a tsakiya ta buɗe shafin, ta ɗauki hotonsa ta aika wa tsohuwar. WRP, wanda Antoni Sawicki ya rubuta, haka yake aiki. Amma wannan sai mai kwamfuta biyu.

Abin da ba za ta iya ba

Kada in ruɗe ku. Bidiyo yana tafiya da ƙyar, taron aji ta bidiyo kuwa sai da waya. Ƙofar kuma tana ƙara ƙunci: a 2025 Debian, uwar antiX, ta fito da bugu na 13 ba tare da cikakken tsari na 32-bit ba, Mozilla ma ta sanar da daina Firefox na irin wannan Linux. Gargaɗi mafi girma shi ne, wanda ya bar XP a kan tasa, kada ya kuskura ya rubuta kalmar sirrin banki ko ta imel a ciki, gama gida ne da ba mai gadi.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu za a tura mu makarantun da za mu tarar da irin waɗannan kwamfutoci jibge a sito, ƙura ta rufe su. Kafin ka rubuta wa hedimasta cewa sun mutu, ka yi tambaya uku. Ta haɗu? Agogonta da manhajarta daidai suke? Shafin ne ya fi ƙarfinta? In ma ba intanet a garin, akwai Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta yara su karanta ba data. Da babu gara ba daɗi.

Da na je hutu na buɗe wa kawuna shafin garinmu a kan kwamfutarsa. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, sa'an nan ya ce in bar masa ita kwana biyu.